Magagi da Ɗanyar Manhajar Rijiyoyi

Duk wanda ya taɓa yin kwana biyu a Filinge ya san muryar Magagi, ko da bai san fuskarsa ba. Shi ne mai karanta sanarwa a rediyon gari: saniyar da ta ɓata, ranar allurar dabbobi, rasuwa, suna, taron meri, wato ofishin magajin gari. In ya gama sai ya koma rumfarsa ta bakin kasuwa inda yake gyaran rediyo da salula, da tabarau a kan hanci wanda ya ɗaure ƙafarsa ɗaya da waya. Dogo ne siriri, ba mai yawan magana ba in ba a gaban makirfo yake ba.

Asalinsa ɗan wani ƙauye ne kusa da Tabla, a tsakiyar Kurfai. Ubansa Baushe manomin hatsi ne da damina, da rani kuma shi ke yi wa ƴan bori goge, kamar yadda kakansa ya yi. A gindin gogen nan Magagi ya sami kunne. Tun yana ƙarami yakan ji tsirkiya ta saki kafin mai gogen ya ji. Zamanin mulkin soja na farko gardi, dogaran gwamnati, suka zo ƙauyen neman yaran da za a sa lakwal, makarantar boko, aka haɗa da shi. Da ya ci jarrabawar kwalej aka kai shi Filinge, aka sauke shi gidan gwaggonsa.

A gidan ya iske wani yaro baƙo irinsa, Bubakar, ɗan makiyaya daga wajen Sanam. Uwarsa ce ke kawo wa gwaggon nono duk ran kasuwa, sanayyar ta kai har aka ba ta amanar ɗanta ya zauna nan ya yi karatu. Tabarma ɗaya suka kwanta, akushi ɗaya suka ci. Magagi ya yanke sunan ya koma Buba, shi kuma Buba ba ya kiransa sai ɗan mai goge. Buba na da kan lissafi, kuma ba ya ganin abu ya bar shi bai tambayi yadda aka yi shi ba. Rediyon mijin gwaggo ta sha wahala a hannunsu: Buba ya kwance, Magagi ya mayar, ya kasa kunne har ta daina ƙara.

In an yi hutu Magagi kan bi shi ruga. Can ya san Inna A'isa, mace fara mai ƙaramin jiki, wadda ke cika masa ƙwarya da kindirmo kafin ta cika wa ɗanta. Buba ɗan farinta ne, saboda haka ba ta taɓa kama sunansa. Sai dai ta ce wa Magagi, "Abokinka ya ci?" alhali abokin na zaune kusa da ita.

Shekarar da za su wuce lise, babbar sakandare, a Yamai Baushe ya rasu. Gona da ƙanne suka faɗo kan Magagi, ya tsaya. Buba ya tafi shi kaɗai, ya gama, ya shiga jami'a. Sai aka shiga shekarun da jami'ar ke buɗewa yau ta rufe gobe, soja suka sake dawowa, ɗalibai suka watse kowa ya nemi inda zai ƙarasa. Buba ya zo Filinge ya yi sallama. Magagi ne ya ɗauki jakarsa zuwa tasha. Buba ya leƙo ta tagar mota ya ce, "Dakar kaɗai za ni, ɗan mai goge. In gama in komo." Daga Dakar sai Kanada, daga karatu sai aiki, daga aiki sai aure.

Magagi ma ya yi aure, ya auri Tasalla, suka dawo Filinge da zama, ya buɗe rumfa. Garken uban Buba ya yi ta raguwa har tsohon ya rasu, Inna ta dawo gefen gari da ƴan awakinta kusa da ɗiyarta. Da salula ta zo, in Buba ya kira, Magagi kan rufe rumfa ya hau keke ya kai mata. Ta karɓa da hannu biyu, ta ce, "Lahiya? To, madalla. Mu ma lahiya." Sai ta miƙo masa abarsa, ta juya tana gyara igiyar akuyar da ba ta buƙatar gyara. A kan hanyar komawa Magagi kan ji kamar shi ne ya ƙi dawowa.

Shekarar da soja suka karɓi mulki karo na ƙarshe kafin a koma zaɓe, ita ce shekarar da shanu suka faɗi. Damina ta yi gardama, ciyawa ta ƙare tun kafin bazara, makiyaya suka yi ta gangarowa daga arewa suna iske tafkunan da suka dogara da su sun zama fasasshiyar laka. Magagi ya ba Buba labarin Hammadu, kawun Buban, wanda ya kora shanunsa tafiya mai nisa zuwa wata rijiya ya iske ta rufta tun watan da ya wuce. Mutane da yawa sun san ta rufta, amma babu wanda ya gamu da shi ya gaya masa.

Bayan kaka Buba ya sake kira, da wata murya irin ta lokacin da suke kwance rediyo. Hausar da ya tafi da ita ke bakinsa har yanzu, ta tsofaffin Kurfai, wadda yaran Filinge ma sun fara bari. Ya ce shi da wasu abokansa, wasu a Dakar, wasu a Yamai, suna ɗinka wata ƴar manhaja ta salula, sun sa mata suna Mashaya. Wanda ya isa rijiya ko tafki zai danna lamba: akwai ruwa, ruwa kaɗan, ko ta ƙafe. Saƙon ya tafi wata kwamfuta, ita kuma ta ba duk wanda ya tambaya. Tunda makiyaya ba su karanta boko, salular ce za ta faɗa da baki.

Magagi ya ce, "Nawa za ku saida ta?"

"Ba ta saidawa ba ce. Kamar rijiyar gari take. Kowa na iya ɗiba, kowa na iya leƙa cikinta ya ga yadda munka gina ta, in ya ga ɓaraka ya gyara. Abin da nike so, kwamfutar ta zauna rumfarka."

Wadda ta kawo kwamfutar wata ɗalibar jami'a ce mai suna Muna, uwarta ƴar Damana, ita ma tana cikin masu ɗinkin. Ta sauko daga motar Yamai da tsohuwar na'urar naɗe cikin bargo, ta ce masa Tonton, wato kawu, tun ganin farko. Ita ta nuna masa yadda ake kunnawa. A kan fuskar salula, ƙarƙashin sunan Mashaya, ya ga an rubuta beta. Ya yi dariya, don a lakwal in mushe, wato malami, ya ce wa yaro haka, wawa yake nufi. Muna ta ce a wurinsu ma'anarsa ta gwaji ce, ba ta gama nuna ba. Daga ranar Magagi ya riƙa ce mata ɗanyar.

Saura muryar da za ta yi magana. Buba ya so Magagi ya yi, Magagi ya ce muryarsa ta sanarwar mutuwa ce, makiyayi ba zai so ya ji ta a bakin rijiya ba. Ya ɗauki makirfon rediyo ya nufi gidan Inna. Ta ƙi da farko, ta ce ita ba zabiya ba ce. Da ya ce abokinsa ne ke so, sai ta gyara mayafi, ta faɗi kalmomin da Hausa, ta sake da Fillanci, a hankali, kamar mai ba baƙo amsa a ƙofar ruga. Aka tura wa Buba. Daga baya ya gaya wa Magagi cewa ranar bai yi aikin kirki a ofis ba, ya sa abin a kunne yana ta maimaita uwarsa tana cewa akwai ruwa.

Aka fara gwaji da mutane kaɗan da Magagi ya zaɓa: likitan dabbobi, mushe biyu da ke koyarwa a ƙauyuka, wani direban da ke bin hanyar Abala, da wani dillalin shanu. Abin ya yi aiki. Magagi ya ga direban ya danna daga bakin wani tafki, kafin ya juya dillalin ya ji muryar Inna a nan kasuwa. Ranar ya kasa zama. Ya riga ya tsara sanarwar a kansa, har da inda zai ja numfashi: wannan aiki ne na ɗanku, Bubakar ɗan Inna A'isa, wanda ya tafi bai manta ba.

Muna ta zo hutu, suka zauna a rumfa da hantsi, aka ɗora salula kan akwatin kayan gyara, Buba na ji daga can.

Magagi ya ce, "Ran kasuwa zan hwaɗa a rediyo. Kurhwai duka ta ji."

Buba ya ce, "A'a. Ba yanzu ba."

"Mi ya hana? Na gani da idona tana aiki."

"Ka ga tana aiki hannun mutanen da ka zaɓa. Ba a kiran gari cin tuwo tukunya na kan wuta. In ta yi ƙarya ga mai wasa da kwamfuta, ya kashe ya kunna. In ta yi ƙarya ga mai shanu, garke ya tahi. Kuma mutanenmu ka san su, abin da ya cuce su sau ɗaya ba su sake waiwayarshi, ko ya gyaru."

Muna ta ce, "Ni ina bayan Tonton, amma ba don dalilinsa ba. Mutanen da ke gwada ta yanzu duk ƴan gari ne, irinmu. In mutum ɗaya ke ɗanɗana miya, gishirin bakinsa kowa zai ci. Kurakuran da munka iya gani mun gani. Sauran suna daji, sai masu shiga daji za su tono su."

"Da shanunsu za su tono su, Muna."

"To a gaya musu ɗanya ce."

"Kashedi ba ya tahiya da nisa kamar labari. Labarin ya isa Sanam, kashedin ya tsaya nan kusa, Tukunus."

Suka daɗe suna ja. A ƙarshe Buba ya ce a bar ta hannun waɗanda ke riƙe da ita har ta nuna. Ya ƙara da cewa ranar da ta nuna, shi da kansa zai zo, su shiga ɗakin rediyo tare. Wannan maganar ce ta rufe bakin Magagi. Ya koma gida ya gaya wa Tasalla, ita kuma ta ce to sai a fara tunanin ɗakin da za a sauke shi. Ya sa aka yi wa ɗakin soro sabon yaɓe tun ba a sa rana ba.

Amma abin da aka ce kowa na iya ɗiba ba ya jiran sanarwa. Dillalin ya tura wa wani abokin cinikinsa ta bulutut, wannan ya tura wa surukinsa, kafin bazara manhajar ta shiga salular mutanen da Magagi bai taɓa gani ba. Kwamfutar rumfa ta riƙa amsa lambobin da bai sani ba. Ya yi murna a ransa, bai ɗauki abin da nauyi ba.

Wata ran kasuwa wani makiyayi mai suna Jibo ya tsaya bakin rumfa, rawaninsa duk ƙura, ya ajiye salula a kan tebur ba tare da ya zauna ba. Ya ce, "Kai ne mai abin nan da ke magana da muryar tsohuwa?" Magagi ya ce shi ne. Jibo ya ce ta gaya masa akwai ruwa a wani tafki gabas da Sanam, ya bar rijiyar da ake layi ya kora dabbobi can, ya iske ko tsuntsu ba ya sauka. Kafin ya komo maruƙansa biyu sun kwanta ba su tashi ba. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ya zo ne kawai ya ga wanda ya sa tsohuwa yin ƙarya.

Magagi ya ba shi wurin zama, ya sa aka kawo fura, ya karɓi salular ya duba. Kwanan watan da ke cikinta na wata shekara ce da ta daɗe da wucewa. Ya tambaya, Jibo ya ce ai su a daji ba su da wuta. In za a zo kasuwa sai a tattara baturan ruga duka a ba mutum ɗaya ya kai caji, salular ta kwana babu batir. In an mayar, wa zai tsaya gyara agogo? Ashe manhajar da agogon salula take gane sabon labari da tsoho. Da agogon ya rikice, sai ta ba Jibo labarin kaka a tsakiyar bazara. Babu ɗaya cikin ƴan gwajin Magagi da ya taɓa cire batir.

Da Buba ya ji, cewa ya yi, "Abin da na ji tsoro ke nan." Muna ta ce, "Abin da na hwaɗa ke nan." Magagi dai ya ga kowannensu na da gaskiya, kuma gaskiyar ba ta tayar da maruƙan Jibo ba. Ya ce musu, "Ta riga ta hita, kuma ta hita ba da kashedi ba, don mun yi shiru. Yanzu ko mu bi ta da magana, ko ta ci gaba da yawo ita kaɗai." Suka gyara kuskuren cikin ƴan kwanaki, suka sa ta riƙa faɗin tun yaushe aka ga ruwan. Buba ya yarda a yi sanarwa, amma da sharaɗi: a fara da kashedin kafin a faɗi amfanin, a faɗi abin da ya sami Jibo in ya yarda, kuma kada a kama sunan kowa cikin masu ɗinkin.

Magagi ya ce, "Ko naka?"

"Balle nawa. Aikin mutane da yawa ne. Kuma da wane ido za a ce ɗan Inna ne ya kashe maruƙan mutane? Bari ta nuna tukuna."

Haka Magagi ya karanta ta, da Hausa, wani ya yi da Fillanci, wani da Zabarmanci. Ya ce abin nan ɗanye ne, kada kowa ya kora garke saboda shi kaɗai, a haɗa da tambayar mutane kamar yadda aka saba, wanda ya ga ya yi ƙarya ya zo rumfar Magagi ya faɗa. Mutane suka zo. Wani ya ce rijiyarsu suna biyu gare ta, na Hausa da na Buzaye, manhajar ta ɗauke su rijiya biyu. Wata ta ce ruwa kaɗan ga mai awaki ba shi ne ruwa kaɗan ga mai raƙuma ba. Jibo da kansa ya zama wanda ya fi kowa kawo ƙorafi, kuma ya fi kowa danna lamba.

Da yammacin ranar sanarwar Magagi ya je gaida Inna. Ya iske rediyonta a kan turmi. Ta ce ta ji, ya yi kyau. Ta ci gaba da tsince ƙasa daga cikin hatsi, sannan ta ce, "Na zaci za ka hwaɗi sunan abokinka. Ni bakina bai iya ba. Na ce ko rediyo ta hwaɗa mini in ji." Magagi ya ce sai ya zo, za a faɗa yana tsaye. Ta ce, "To, Allah shi kai mu."

Damina ta bi damina, aka yi zaɓe, soja suka koma bariki. Mashaya ta yi ta gyaruwa, amma kalmar beta ba ta bar fuskarta ba. Duk lokacin da Magagi ya ce ai ta nuna, Buba sai ya ambaci wani abu da ya saura. Wani lokaci Magagi kan rasa ko manhajar ce ba ta shirya ba, ko abokin nasa ne. Wata shekara aka ce matarsa ta haihu, wata shekara aka ce takardu. Ɗakin soro ya koma wurin ajiye buhunan wake.

Inna ta rasu cikin sanyi, bayan gajeriyar jinya. Buba bai sami isowa ba. Magagi ne ya karanta sanarwar, kamar yadda ya karanta ta mutane da yawa. Da ya zo inda ake faɗin waɗanda ta bari, ya ce, "Ta bar ɗanta Bubakar," sai ya kasa ci gaba. Wannan ne karo na farko da sunan ya fita a rediyon Filinge. Mai kula da na'ura ya sa kiɗa har Magagi ya dawo daidai. Bayan sadakar bakwai ya tambayi makiyaya ko a canza muryar da ke cikin salula, tunda mai ita ta tafi. Jibo ya ce a bar ta, sun saba, kuma tun ranar nan ba ta sake yi musu ƙarya ba.

Sannan daji ya lalace. Aka fara jin an kore garke a wajen Abala, an tare mutane a bakin rijiya, masu babura da bindiga sun karɓi dabbobi. Jibo ya sake zuwa rumfa, wannan karon ya zauna, ya rage murya. Ya ce abin da ke gaya wa makiyayi inda ruwa yake, shi ke gaya wa ɓarawo inda shanu suke. Babu wanda ya tabbatar an taɓa amfani da ita haka, amma tsoron ya isa. Magagi ya kira Buba da Muna, wadda yanzu take aiki a Yamai. Wannan karon Muna ce ta fara cewa a rage. Aka daina ambaton Mashaya a rediyo, aka sa kwamfutar ta amsa wa lambobin da aka sani kaɗai. Da aka hana hawan babura, rezo, wato layin salula, ya riƙa ɗaukewa a arewa, masu dannawa suka ragu har wata rana Magagi ya lura ta yi mako ba ta amsa wa kowa ba. Ya kira Buba ya gaya masa, sannan ya kashe ta, ya lulluɓe da bargon da aka kawo ta ciki.

A shekarar da ta biyo Buba ya zo Nijar. Ya sauka Yamai, ya ce jibi yana Filinge. Tasalla ta fitar da buhunan wake, ta share ɗaki. Sai ya sake kira ya ce an gaya masa mai takardun waje irinsa ba ya bin hanyar sai da rakiya, rakiyar kuma ba ta samu ba. Magagi ya ajiye salular. Ya sayi cuku a wurin matan Buzaye, Tasalla ta dama fura ta zuba a jarka, ya shiga motar safe ta Yamai.

Ya iske wani mutum mai ƙiba da furfura a ƙofar masauki, ya tsaya yana neman Buba a fuskarsa. Mutumin ya ce, "Ɗan mai goge, tsawon nan bai ƙare ba?" Sai ya gane shi. Suka riƙe hannun juna suka daɗe ba su saki ba. Suka zauna a inuwa kusa da kogi, Buba ya sha furar nan har ƙasan jarka, yana tambaya. Gawon da ke bayan gidan gwaggo yana nan? An sare. Rijiyar da suke wanka ran Lahadi? An sa mata famfo. Wa ya gaji gogen Baushe? Babu, yana rataye a ɗaki, fatar ta tsage. Ya tambayi inda aka sa Inna, Magagi ya kwatanta masa, daga wace bishiya zuwa wace, wane gefe rana ke faɗo mata.

Buba ya ce, "Da na bari ka hwaɗa tun ranar da ka so."

Magagi ya ce, "Da ka bari, da wataƙila ba maruƙa biyu ba ne. Ba mu sani ba."

"Ba manhajar nike nuhi ba. Sunan nike nuhi, da Inna ta ji."

"Na sani."

Ranar komawa Buba ya raka shi tasha, ya ce zai bi motar har bakin gari. Suka matsu a kujerar baya, gwiwa da gwiwa, cikin mata masu kwanduna da wani tsoho mai kaji. Buba ya yi ta sauraron hirar fasinjoji, wani ya ambaci Bonkuku, wata ta ambaci Itchigin, yana murmushi shi kaɗai. A shingen jandarma na ƙarshe ya sauka. Motar ta tashi, Magagi ya juya ta gilashin baya ya gan shi tsaye gefen kwalta, hannu ɗaya a aljihu, yana kallon hanyar arewa, har kwana ta ɓoye shi.

Magagi na nan Filinge. Idonsa ya rage, ƙananan gyare-gyare sai da rana tsaka. Wasu matasa a Yamai sun ɗauki ginin Mashaya sun juya shi ya zama na masu lambu, tunda dama a buɗe aka bar shi. Muna kan turo masa na gwaji, ya ba mutum biyu uku da ya yarda da su, ya gaya musu abin da ke ciki da abin da ba a tabbatar ba. Buba na kira duk Juma'a bayan an sauko masallaci. Ba su cika maganar zuwa ba yanzu. In damina ta kusa, tambayarsa ta farko ita ce ko hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Magagi sai ya ce ya dakata, ya ajiye abin da ke hannunsa, ya fita bakin rumfa ya ɗaga kai, ya gaya masa yadda sama take.